Gyaran Ɓarna Bashi Ne, Ba Sadaka Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin mutum da dabba da tsiro. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwana matashi, a yau manyan kamfanoni sukan keɓe wani yanki na filin da suke aiki a kai, su dasa itatuwa, su hana farauta, su ce suna kiyaye halittun da ke gab da ƙarewa. Wasu samari sun ce yaudara ce da neman suna. Wasu kuma sun ce sadaka ce, a yi ta yabo. To, mene ne gaskiyar al'amari?

Da farko ka sani, dabba tana da hakki. A aya ta 38 ta Suratul An'am, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har yunwa ta kashe ta. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanya Madina harami, ba a farauta a cikinta, ba a sare itatuwanta. In alhakin kyanwa guda ya kai haka, yaya ke nan alhakin wanda ya share daji sukutum, ya ƙarar da jinsi baki ɗaya?

Ga misali daga ƙasar Kenya. Kamfanin siminti na Bamburi da ke kusa da Mombasa ya yi shekaru yana haƙar dutse, ya bar ramuka ƙeƙasassu, ko ciyawa ba ta fitowa. A 1971 wani ma'aikacinsa masanin noma, René Haller, mutumin Suwizalan, ya fara gwada dasa itatuwa a ramukan. Akasarinsu suka mutu. Cikin 'yan kaɗan da suka rayu akwai itacen kasuwarina, mai jure gishiri da ƙasa marar taki. Sai dai ganyensa siriri ne kamar allura, in ya zuba ba ya ruɓewa da wuri. Sai Haller ya kawo ƙadandoniya mai jajayen ƙafafu, tana cin ganyen tana kasayar da shi, kashin nan ya zama baƙar ƙasa mai taki. A kanta sauran itatuwan ƙasar suka samu wurin tsira, tsuntsaye suka dawo. Yau wurin daji ne da ake kira Haller Park, akwai dorina da raƙumin dawa da kada. Subhanallahi! Ƙwaron da kake takawa ba ka ko waiwaya, da shi Allah Ya raya matacciyar ƙasa.

Shin wannan sadaka ce? A'a. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya ɓata abin wani, biya ya hau kansa. Kamfanin nan shi ya haƙa ramin, shi ya ci ribar dutsen, don haka da ya gyara, bashi ya biya. Mai biyan bashi ya kyauta, a ce masa madalla, amma ba a kiransa mai kyauta. Batun ko don neman suna aka yi kuwa, niyya tana zuci, Allah ne masaninta. Mu zahiri aka ce mu duba, kuma zahiri ya nuna ƙasa ta rayu.

Da wannan ma'auni za ka gane na ƙwarai da na jabu. Tambaya uku ce. A inda aka yi ɓarnar aka yi gyaran, ko an ƙawata bakin ƙofa an bar ɓarna a bayan gida? Gyaran ya kai girman ɓarnar? Mutanen wurin fa, an kiyaye hakkinsu, ko an kore su daga gonakinsu da sunan kare namun daji? Domin ba a gyara zalunci da wani zaluncin. Ka duba ƙasar Ogoni a kudancin Nijeriya: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna cewa gyara ƙasa da ruwan da man fetur ya gurɓata zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Bashi irin wannan, lambun fulawa a harabar ofis ba ya biyan sa.

Kada ka ce wannan zancen masu kuɗi ne, bai shafe ka ba. Muna da masana'antun siminti a Sakkwato da Ashaka, ga masu haƙar ma'adinai da masu ɗiban yashi ko'ina. Gobe kai ne injiniya, ko manaja, ko ɗan kwangila. Ranar da aka kawo maka takarda ka sa hannu a share daji, ka tambaya: wace halitta ce ke zaune a nan, kuma ina kuɗin gyara a cikin lissafin? Ko kai direban tifa ne, ramin da ka haƙa ka bari, damina ta cika shi yaro ya faɗa, za a tambaye ka. Ƙasar nan amana ce, kuma mai amana zai tsaya gaban Mai ita.

Allah Ya sa mu cikin masu gyara, Ya tsare mu da ɓarna a bayan ƙasa. Amin.