Kifin Cikin Ruwa Na Wane Ne?

Ya mai-karatu, gona tana da mai-ita, rijiya tana da mai-ita, akuya kuma ko ta ɓace an san ƙofar da za ta koma. Amma kifin da ke cikin ruwa na wane ne? Mutane da yawa su kan ce na wanda ya riga kamawa ne. Sababbin masu-bi kuwa su kan tambaya ko akwai zunubi cikin sha'anin su, tun da shi ke ba a fasa rumbun kowa ba, ba a kuma tsallake dangar kowa ba. Bari mu duba maganan nan a hankali, gama ta shafi abincin 'ya'yanmu.

A ƙasar Dutsin-Ma akwai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gina bisa kogin Karaduwa, aka gama ta a shekara ta 1983. Tsawon bangonta mita 2,750 ne. An yi ta domin noman rani da ruwan sha, amma ruwan da ya taru ya zama gidan karfasa da tarwaɗa da sauran kifaye, masunta kuma suka sami abinci a wurin. Ku mutanen Ɗantutture, da na Dutsin-Ma, da na Kurfi, kakanninku sun saba da kogin da ke cika da damina, ya janye da rani. Ku ne aka ba babban ruwa mai-zama shekara duka, ku ne kuwa za a tambaya yadda kuka riƙe shi.

Su kansa ba laifi ba ne. Bitrus da Andarawus, da Yaƙub da Yohanna, masunta ne a Tekun Galili sa'anda Ubangiji ya kira su. Littafin Farawa kuma ya koya mana an ba mutum iko bisa kifaye. Amma ikon nan irin na makiyayi ne wanda aka ba kiwo. Yana shan nono, yana samun ladansa, amma ba shi yanka shanu masu-ciki, gama garken yana da Mai-shi.

Ku manoma ne, kun san wannan tun da daɗewa. Komi tsananin bazara, mutum mai-hankali ba shi cin irin da ya ajiye domin shuka. Kifi ma yana da irinsa. Sa'anda ruwan damina ya hau bisa ciyawar gaɓa, tarwaɗa ta kan shiga can ta zuba ƙwai. Wata irin karfasa kuma ta kan riƙe ƙwanta cikin bakinta har su ƙyanƙyashe. Cikin Kubawar Shari'a, sura 22, an umurci wanda ya iske tsuntsuwa kwance bisa sheƙarta shi saki uwar ta tafi. Idan Allah ya kula da uwar tsuntsu a kan hanya, ashe ba za shi kula da uwar kifi a cikin ruwa ba?

Ta hanya uku mutane ke cinye irin kifi. Ta fari ita ce raga mai-ƙananan idanu, har da gidan sauro da aka raba domin tsare yara daga zazzaɓi. Tana kwashe 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai yatsa ba, tun ba su girma sun haihu ba. Ta biyu ita ce tare wuraren ƙwai da damina. Ta uku, wadda ta fi duka muni, ita ce zuba guba cikin ruwa, kamar maganin ƙwari da ake kira Gamalin 20. Guba ba ta zaɓe. Tana kashe babba da ƙarami, shanu su sha ruwan, mata su ɗiba, mai-saye kuma ya kai mushe gida ya ba iyalinsa bai sani ba. Dokar su ta Nijeriya ta shekara ta 1992 ta hana kama kifi da guba ko da nakiya. Amma mai-bi ba shi jira sai ɗan doka ya zo tukuna, gama akwai Mai-gani ko da tsakar dare.

Watakila wani za shi ce, ruwa yana da yawa, kifi ba shi ƙarewa. To, ji labarin teku. A gaɓar Niyufanlan, cikin ƙasar Kanada, akwai wani babban kifi da Turawa ke kira kod. Shekaru ɗari huɗu da ɗoriya mutane suna kama shi bai ƙare ba. Daga baya manyan jiragen su masu-inji suka zo daga ƙasashe dabam dabam, har a shekara ta 1968 kaɗai aka kama kimanin tan 800,000. Kifi ya yi ta raguwa, har a 1992 gwamnatin Kanada ta hana kama shi, mutum wajen 30,000 suka rasa aikinsu. An ce hanin na shekara biyu ne, amma sai a 2024 aka ɗage shi, aka kuwa yarda da tan 18,000 kaɗai. Idan hannun mutum ya iya ƙarar da kifin teku, ina misalin ruwan Zobe, wanda aka san tsawon bangonsa?

Wani kuma za shi ce, idan ban kama ba wani za shi kama. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace ɓarna, gama kowa yana faɗinta, kowa kuma yana jingina laifinsa ga maƙwabcinsa, har ranar da dukansu za su ja koma su iske ciyawa. Laifin wani ba shi wanke naka. Abin da jama'a suka tara hannu a kai ba marar-mai-shi ba ne. Masu-shi ne suka yi yawa, waɗansunsu ma ba a haife su ba tukuna. Wanda ya kwashe 'ya'yan kifi ya saci abincin mutanen da ba su da bakin kai ƙara.

Akwai kuma wanda za shi ce, yunwa ce ta sa ni. Wannan ba mu raina maganarsa ba, gama talauci ba wasa ba ne, mutum ɗaya kuwa ba shi iya gyara ruwa shi kaɗai. Domin wannan ya wajaba jama'a su ɗaura alkawari tare. Dubi Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Ana tsare wani sashi na ruwan Matan Fada, Sarkin Ruwa yana lura, ba mai-su a wurin sai ranar da aka buɗe; ran nan kuwa a kan fito da manyan kifaye da homa da gora kaɗai. Ruwan da aka bar shi ya huta ya kan biya bashinsa. 'Yan'uwa masu-hali kuma su taimaki masunci matalauci da rance ko da aikin gona a kwanakin ƙwai, kada su ɗora masa kayan da su ba su taɓa ɗauka ba.

To, ƙaka mai-bi za shi yi? Idan kai masunci ne, ka yi aiki da raga mai-manyan idanu, ka mayar da ƙananan kifi cikin ruwa, ka bar wuraren ƙwai da damina, kada kuwa guba ta taɓa hannunka. Idan kai mai-saye ne, ko ke mai-suya, kada ku sayi 'ya'yan kifi domin araha, ko kifin da kuka san guba ce ta kashe shi, gama kuɗinku ne ke aike masunci ya sake komawa. Idan kai dattijo ne, ka goyi bayan Sarkin Ruwa da ma'aikatan gwamnati sa'anda su ke tsare doka, ka haɗa kai da maƙwabtanka Musulmi, gama ruwa ɗaya ku ke sha.

Allah Mahalicci, wanda ya cika ruwaye da masu-rai, shi ba mu zuciya mai-ƙoshi, domin mu ɗauki abin da ya ishe mu, mu bar wa na bayanmu rabonsu. Amin.