Ranar Da Malam Abdullahi Ya Gai Da Bello A Kalambaina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya 'yan'uwa Musulmi, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hane mu da cin amana a cikin Suratul Anfal. Tushenta kuwa son kai ne, shi ke raba jini ɗaya.

Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe masa ƙofar Sakkwato. Shi da ya ja rundunar Tabkin Kwatto a 1804! Ya juya ya nufi Gwandu, zumunci ya yi sanyi.

Ana nan sai mutanen Kalambaina suka yi wa Gwandu tawaye. Da Bello mai son kai ne, da ya naɗe hannu ya bar baffansa da su. Sai ya taho da runduna, aka ci garin. Da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa. Malam ya hana shi, ya sunkuya bisa sirdi ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Allah Ya jiƙansu.

To, mu fa? A Kalgo na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan ya sayar da gonarsu ta gado a fadama ƙanen yana ci-rani. Shekara uku ke nan ba gaisuwa, alhali kuwa sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a.