Makirufo a Matsayin Mai Ruwaya

Malaman hadisi sun gindaya wa mai ruwaya sharuɗɗa biyu kafin a karɓi abin da ya kawo, wato adalci, wanda shi ne nagartar hali, da kuma dabɗi, wanda ke nufin kiyaye abin da aka ji ba ƙari ba ragi. Tun daga 1961, lokacin da Sheikh Mahmud Khalil al-Husari ya naɗi karatun Alƙur'ani sukutum a Masar cikin ruwayar Hafsu, makirufo ya ƙara shiga tsakanin bakin makaranci da kunnen almajiri, don haka ya dace a auna shi da ma'aunin masu ruwaya. Na'ura dai ba ta da hali, saboda haka adalci yana wuyan mai ita, amma dabɗi kam ana nemansa a wurinta, kuma shi ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya sa a gaba idan ya shiga kasuwa.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne dainamik, wanda murya ke kaɗa faifansa ta motsa wata nannaɗaɗɗiyar siririyar waya da ke kewaye da maganaɗisu, kamar Shure SM58 da ya fito a 1966, kuma an san shi da juriya da rashin kwaso hayaniyar nesa. Na biyu shi ne kwandensa, irin su Audio-Technica AT2020, wanda sai an ba shi wuta mai ƙarfin bolt 48, yana kuma da kaifin ji har ya rarrabe sin da sadi, ya fito da numfashin da ke bin haruffan hamsi, wato waɗanda iska ke gudana tare da su. Sai dai wannan kaifin ji bai san zaɓe ba, domin a ɗakin da janaretan maƙwabta ke ruri, fanka na juyawa, zai ruwaito su duka tare da ayar, alhali dainamik mai araha da aka ajiye kimanin santimita 10 daga baki, a ɗaki mai labule da darduma, zai isar da karatun tsaf. Wanda ya ci bashi ya sayi mai tsada bai gyara ɗakinsa ba, ya kusanci almubazzaranci fiye da kyautatawa, ko da niyyarsa girmama Littafin Allah ce.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne bayan an gama naɗa, domin a nan ne sharaɗin adalci ke dawowa kan mai shi. Ƙawata murya da karatu abin so ne a shari'a, amma ƙawar da ake nufi ta maƙogwaro ce da aka horar a gaban malami, ba amsa-kuwwar da ake jibgawa da kwamfuta don a rufe raunin makirufo ko na makaranci ba. Amsa-kuwwa mai yawa tana jan wasali ya wuce ƙa'idarsa, tana cakuɗa gunna, wato sautin hanci, da harafin da ke biye, har yaron da ke hadda daga wayar mahaifinsa ya kasa tantance ko maddin, wato jan wasalin, da ya ji na haraka biyu ne ko na huɗu, kuma yadda ya ji ɗin haka zai kai wa malaminsa gobe da safe.