Wa Ya Ke Biyan Karatun Mai-Gemu?

Wani mai-bishara ya zo gaban dattawan ekklesiyarmu da takarda a hannunsa. Shekarunsa 42, yana da mata da 'ya'ya biyar, ya yi shekara 15 yana wa'azi a ƙauye da ɗan karatun da ya samu tun yana saurayi. Yanzu an karɓe shi a makarantar tauhidi, karatun shekara huɗu. Ya ce zai sayar da shanunsa na huɗa, babbar 'yarsa kuma za ta dakata da makaranta har ya gama. Abin da ya rage, yana roƙon ekklesiya ta taimaka.

Waɗansu dattawa suka ce ya tsufa. Wannan ba magana ba ce, gama gemu ba ya hana ilimi. Mu da muka koma aji da iyali a bayanmu mun ga masu-furfura sun fi samari kama karatu, domin sun san abin da suka zo nema. Tambayar da ta tsaya mana a rai daban ta ke. Wa zai biya, an kuwa tambaye shi?

Kuɗin da a ke rubutawa a takardar makaranta shi ne ƙaramin kashi. Babban kashi ba a rubuta shi. Gona ce da za ta yi damina huɗu ba maigida, da rumbun da ba zai cika ba, da yaron da zai kwana da zazzaɓi uwa tana lissafin kuɗin magani ita kaɗai. Da yawa cikinmu mun karɓi takardar shaida da sunanmu a kai, amma ƙosan da matanmu suka toya da asuba shi ya saye ta. Ran da aka yi bikin gamawa mu aka sa wa riga, su kuwa suna can baya suna dafa wa baƙi abinci. Muna faɗin wannan da kunya.

Iyayenmu na dā sun gane wannan ta wata hanya. Sa'ad da mishan ɗin S.U.M. ta buɗe makaranta a Gindiri a 1934, magidanta su kan zo da matansu da 'ya'yansu. A kan yi karatu, a kan yi noma, mata kuma suna da nasu aji. Gidan duka ya ke shiga makaranta, wahala ɗaya, riba ɗaya. Daga baya aka buɗe manyan makarantu masu-koyarwa da Turanci, kamar kwalejin tauhidi ta T.C.N.N. a 1959, wadda ta ke Bukuru, da ta E.C.W.A. a Jos a 1980. Karatu ya yi zurfi, mun gode wa Allah. Amma yanzu tsabar kuɗi a ke nema, da na haya, da na littattafai, sau da yawa kuwa mace tana gida miji yana birni. Bashin karatu marar-ruwa da gwamnatin Nijeriya ta fara bayarwa a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, bai kai ga makarantun ekklesiya ba.

Ubangijinmu ya yi misali da mai-ginin hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafta abin da ginin zai ci. Mun saba jin wannan kamar lissafin aljihun mutum ɗaya. Magidanci ba shi da aljihu na shi kaɗai. In ya yi lissafi bai kira matarsa ba, da dukiyar wani ya ke gini.

Zancen yarinyar shi ya fi wuya. Kada mu yi saurin zargin uban. Shi ma talauci ne ya fitar da shi daga aji yana yaro, ya daɗe yana jira, ba kuwa domin girman kai ya ke nema ba, gama matasan ekklesiyarsa suna kawo masa tambayoyin da ba ya iya amsawa. Duk da haka karin maganan nan ta gemu kaifi biyu gare ta. In gemu bai hana shi karatu yana da shekara 42 ba, ba zai hana shi yana da 44 ba. Amma yarinya mai-shekara 15, in an ce ta dakata shekara huɗu, mun san inda dakatawan nan ta kan ƙare. Manema za su zo, ƙanne suna bukatar reno, littattafanta kuma gara ta cinye. Uban zai iya jira, ita ba za ta iya ba.

Ekklesiya ma tana da nata laifi. Mun iya alkawari ran sallama, a ɗauki baiko na musamman, a yi addu'a, a raka mutum tasha. Shekara ta biyu sai shiru. Akwai kuma ɗaliban da ƙauye ya biya masu, suka gama, sai suka ji wai an kira su zuwa babbar ekklesiya a birni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rubuta alkawari tsakanin 'yan'uwa ba rashin bangaskiya ba ne.

Dattawa suka aika aka kira matar. Da farko ta ce duk abin da maigida ya ce. Sai matar wani dattijo ta ja ta waje, suka daɗe. Da suka komo ta ce ta yarda ya tafi, amma kada a sayar da shanun, kada kuma a taɓa yarinyar. Aka shirya ya roƙi makaranta ta jira shi shekara biyu, har 'yar ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe. Samarin ekklesiya za su riƙa yi masa gayya a gona kowace damina, shi kuma zai komo ya yi aiki a wurin shekara huɗu. Magatakarda ya rubuta, mutumin ya sa hannu fuskarsa ba walwala, matar ta dangwala yatsa a ƙarƙashin sunansa.