Gādon Da Ba Ya Tsatsa

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:22-26

A shekara ta 1971, wani shahararren ɗan wasan tanis daga Amurka, mai suna Arthur Ashe, ya kawo ziyara nan Yawunde. Ashe ya tashi ne a zamanin da ake hana baƙar fata shiga filayen wasan Turawa a garinsu, Richmond. Duk da haka, shi ne baƙin mutum na fari a cikin maza da ya ci babbar gasar Amurka a 1968, ya kuma ci ta Wimbledon a Ingila a 1975.

A wannan ziyara ya ga wani yaro ɗan shekara 11, Yannick Noah, yana buga ƙwallo da gwaninta. Ashe bai tsaya ga yabo kawai ba. Ya yi wa hukumar tanis ta Faransa maganar yaron, aka kai shi birnin Nice domin horo. A 1983 Noah ya ci gasar Roland Garros a Paris. Ashe ya rasu a 1993 yana da shekara 49, amma alherin da ya shuka a Kamaru bai bi shi kabari ba.

Ƙaunatacce, haka Barnaba ya yi. Sa'ad da aikin Ubangiji ya bunƙasa a Antakiya, bai riƙe shi shi kaɗai ba. Ya tafi har Tarsus neman Shawulu, mutumin da masu bi suka taɓa jin tsoronsa, ya kawo shi, suka yi shekara guda suna koyarwa tare. Daga baya sunan Bulus ya fi na Barnaba tashe, aikin Allah kuwa ya ci riba.

Kai fa? Wataƙila kana da rumfa a kasuwar Mokolo, ko shagon ɗinki a Briqueterie. Yaron da ke hannunka, kana koya masa sana'ar da zuciya ɗaya, ko kana ɓoye masa wani abu don kada ya fi ka? Kofi yakan yi tsatsa, kuɗi yakan ƙare, amma mutumin da ka ɗaga zai ɗaga wani.

Addu'a: Ya Uba, ka raba ni da kishi. Ka buɗe idanuna in ga wanda kake so in taimaka masa yau. A cikin sunan Yesu, amin.