Sai da Iliya Ya Ci Kafin a Tambaye Shi

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

Ɗan'uwa mai karatu, yaron da ka sallama makaranta yau da safe, me zai ci da rana? A Nima da Mamobi, cikin birnin Akra, wannan tambaya tana hana iyaye da yawa barci.

Gwamnatin Ghana ta fara shirin ciyar da 'yan makaranta a shekarar 2005 da makarantu 10, domin yaro ya sami abinci mai zafi sau ɗaya a kowace ranar karatu. Shiri ne mai kyau, amma kuɗinsa kaɗan ne. Shekaru da dama sidi 1 ake ware wa kowane yaro a rana. A Disamba 2022 hauhawar farashi a ƙasar ta wuce kashi 54 cikin 100, masu dafa abincin kuma suka yi yajin aiki a 2022 da 2023 saboda ƙarancin kuɗin da bashin da suke bin gwamnati. An ƙara shi zuwa sidi 1.20 a 2023, sidi 1.50 a 2024, sannan sidi 2 a kasafin 2025. Duk uwar da take cefane a kasuwar Nima ta san iyakar abin da sidi 2 zai saya. Ga shi kuma shirin bai kai kowace makarantar gwamnati ba, balle makarantun kuɗi, inda iyaye ne suke biyan kuɗin abinci.

To, ka dubi annabi Iliya. Wannan mutum ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel. Amma da Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, sai ya gudu zuwa Biyersheba, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Lura da abin da Ubangiji ya yi masa. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da butar ruwa. Iliya ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci, domin tafiyar da take gabansa ta fi ƙarfinsa. Sai a Horeb, bayan kwana 40, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Har sau biyu Iliya ya zazzage kukansa, Allah yana sauraro. Daga baya ne ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

In annabi ya karaya haka, ina ga yaron aji uku? Mukan ce wa yaro, "Yi haƙuri, kai namiji ne," alhali cikinsa na kuka. Yaro mai yunwa yakan yi saurin fushi, ya yi gyangyaɗi a aji, malam kuma ya ɗauka taurin kai ne. Akwai kuma abin da ya fi yunwar ciwo, wato kunya. Abokansa sun yi layi wajen mai wake da shinkafa, shi kuwa ya koma bayan aji yana cewa ya ƙoshi. Yaron da ya saba ɓoye yunwarsa zai koyi ɓoye sauran abin da yake damunsa.

Saboda haka ka bi tsarin da Allah ya bi. In ɗanka ya dawo fuska a murtuke, ka fara ba shi ko da koko da ƙosai ne, ka bar shi ya huta, sa'an nan ka tambaye shi yadda makaranta ta kasance, kada kuma ka katse shi. Ran da babu kuɗi, ka gaya masa gaskiya tun da safe, ya san rashin ba laifinsa ba ne, ya kuma san abin da zai tarar a gida in an tashi. Ke uwa, in tukunyarki ta ɗan yi saura, ki tuna da yaron maƙwabta, ko sunansa Bitrus ko Abdullahi. Ikilisiya ma tana iya biya wa yaro kuɗin abinci a asirce, ba sai an kira sunansa a gaban jama'a ranar Lahadi ba.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka tuna da matan da suke dafa wa 'ya'yanmu abinci a makaranta, a biya su hakkinsu a kan kari. Ka nuna mini yaron da zai ce ya ƙoshi yau alhali bai ci ba. Cikin sunan Yesu, amin.