Na Gaba Idon Na Baya

Wanda ya bi ta Gawon Nama a birnin Sakkwato da sassafe zai ga samari da 'yan mata da fararen riguna suna shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗalibai ne masu koyon aikin likita da na jinya. An kafa jami'arsu a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ta soma karatu a 1977, aka sake mata suna a 1988. Watau waɗanda suka fara fita daga cikinta yanzu sun yi furfura. To, ga tambayar da mu ke so mu duba a wannan wata: mu da muka riga muka gama karatu, ko a can ko a wata makaranta, yaran nan suna binmu wani bashi?

Wataƙila wani ya ce babu, gama kuɗin makaranta an biya, jarrabawa kuma da guminmu muka ci. Amma bari kowa ya tuna baya. Akwai wanda ya tsaya ya nuna mana yadda a ke cika takardar neman aiki. Akwai wanda ya ja mu gefe ya ce, kada ka bi nan, da rami a gaba. Yawancinsu ba mu da ikon sāka musu, waɗansu sun rasu, waɗansu ko sunansu ba mu riƙe ba. Irin wannan bashi na baya a ke biya wa.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta koyar da waɗansu mata dattawa da a ke kira jaji, su kuma suka riƙa komawa ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata abin da suka samo. Su ne a ke kira 'Yan Taru. Wadda ta sami ilimi, an ɗora mata kai shi ga wadda ba ta samu ba.

Da me za mu biya? Da gaskiya tukuna. Yaron da ke koyon likita ya san shekara 6 zai yi a makaranta. Amma sau da yawa ba wanda ya zauna ya gaya masa abin da ke bayan wannan: shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, shekara guda ta bautar ƙasa, kāna waɗansu shekaru masu yawa in yana so ya ƙware a fanni ɗaya. Ba wanda ya ba shi labarin kwanan asibiti, ko irin nauyin zuciyar da mutum ke ji ran da majinyaci ya mutu a hannunsa. Idan mun nuna masa motarmu, muka ɓoye masa waɗannan, mun cuce shi. Haka kuma akwai ƙofofin da bai san da su ba. A cikin Sakkwato ɗin nan akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cinye naman fuska, an buɗe shi a 1999. Ɗalibi nawa ne aka taɓa kai su can su ga cewa gyaran fuskar yaro aiki ne da mutum zai ba da ransa gare shi?

Amma a nan akwai tarko. Mai nuna hanya yakan so yaro ya zama kamarsa. Mun sha jin an ce, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gaskiya ne, amma babba hanya ya ke hangowa, ba ya ganin abin da ke cikin zuciyar yaro. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ga misali maganar fita waje. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 55 masu fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, ga shi kuwa likitocinmu suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Idan ɗalibi ya tambaye mu, in tafi ko in zauna? kada mu yanke masa. Mu gaya masa abin da zai samu a can, da abin da mutanen ƙauyensu za su rasa, sa'an nan mu bar shi da lamirinsa, gama shi ne zai ɗauki kayan.

Tarko na biyu ya fi wannan muni, shi ne shawara ta koma alfarma. Ɗan likita tun yana ƙarami ya ke jin zancen asibiti a gida, masu ba shi shawara sun yi masa yawa. Ɗan manomi daga Illela ko Gada, wanda shi ne na fari a gidansu da ya shiga jami'a, ba shi da kowa, kunya kuma ta hana shi tambaya. Idan 'ya'yan abokanmu kaɗai mu ke ja a jiki, ba mu biya bashin kome ba, biki mu ke yi wa juna. Wanda ya taimake mu a dā bai tambayi ko ɗan wane ne mu ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu jira sai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kira taro. Kowa ya nemi ɗalibi guda wanda ba danginsa ba ne, ya kai shi wurin aikinsa yini ɗaya, ya amsa masa tambayoyinsa ba ɓoye-ɓoye. In yaron ya tashi yin godiya, a ce masa ya riƙe ta tukuna, gama akwai wani yana zuwa a bayansa.